Daga Baitulmalin En'e zuwa Dokar Kashi 35: Wa Ke Duba Kwangilar Sandamu?

Da Turawa suka dawo da Malam Musa kan gadon sarautar Daura a 1906, ba su bar masa dukiyar ƙasa ya sarrafa yadda ya ga dama ba. Tsarin baitulmali, wanda Palmer ya fara gwadawa a Katsina, ya bazu zuwa sauran masarautu. Harajin da ake tarawa a gundumomi irin su Sandamu yana shiga hannun Ma'aji, gwamnati ta ɗauki kasonta, ragowar kuma sai Razdan ya amince da kasafin En'e kafin a kashe ta. Ba tausayin talaka ne ya kawo wannan ba, tsaron kuɗin haraji ne. Amma Di'o yana fita rangadi, rijiyar da aka ce an haƙa yana iya leƙa ta da idonsa.

Gyaran 1976 ya rushe En'e, ya kawo ƙananan hukumomi masu dogaro da kason tarayya. Kuɗi suka koma gangarowa daga sama, mai bayarwa kuwa ya yi wa mai kashewa nisa.

Wannan giɓi aka so cikewa a 2007, lokacin da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu a Dokar Sayen Kayayyakin Gwamnati. Dokar ba ta tsaya kan ma'aikatun tarayya ba. Duk hukumar da aƙalla kashi 35 cikin 100 na kuɗin aikinta suka fito daga aljihun Gwamnatin Tarayya, wajibi ne ta tallata kwangila, 'yan kwangila su yi takara a fili. Tun 2004 ma, tallafin da UBEC ke bayarwa don gina azuzuwa ba ya fita sai jiha ta ajiye nata kason daidai da shi.

A ganina, raunin tsarin yana wurin abin da ake dubawa. Mai bincike a Abuja fayil yake gani: talla a jarida, rasit, takardar kammala aiki. Duk waɗannan suna iya cika, alhali kwanon rufin aji a wani ƙauyen Sandamu ba zai jure iskar damina biyu ba. Malamin da ke koyarwa a ƙarƙashinsa kuwa ba shi da gurbin sa hannu a fayil ɗin.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ba ta asusun haɗin gwiwa da jihohi ba. Hukuncin ya faɗi hanyar da kuɗin za su bi zuwa Sandamu, bai ambaci wanda zai je ya ƙwanƙwasa bangon ajin ba.