Sana'ar DJ da raunin ji: yadda ake haɗa kiɗa da kunnen da ya rage ƙarfi

A Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, da wuya a yi bikin aure ko suna ba a ga matashi zaune bayan kwamfuta da teburin haɗa sauti ba, manyan lasifikoki na gefensa. Jarin wannan sana'a ta DJ kunne ne, kuma ita kanta sana'ar tana cin jarin. Raunin ji ba ya tilasta wa mutum barin aikin, amma yana tilasta masa sauya yadda yake yin sa, domin in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Mene ne raunin ji?

Ana auna ƙarfin sauti da desibel (dB), kaifinsa ko kaurinsa kuma da hertz (Hz). Kunnen matashi mai lafiya yana kama sauti daga 20 Hz zuwa 20.000 Hz. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, wanda yake jin sautin da bai kai 20 dB ba jinsa lafiya lau ne. Daga 20 zuwa 35 dB rauni ne kaɗan, abin da ya haura 35 dB a kunnen da ya fi lafiya kuwa rauni ne mai hana walwala. Rahoton hukumar na 2021 ya ce mutane sama da biliyan 1,5 ne ke da wani mataki na raunin ji a duniya, miliyan 430 daga cikinsu na buƙatar kulawa. Hukumar ta kuma ce matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗari saboda sauraren sauti mai ƙarfi.

Ba ƙara kaɗai ke kawo shi ba. Ciwon kunne mai fitar da mugunya, sanƙarau da ke addabar ƙasashen Sahel a lokacin zafi, ƙyanda, da wasu magunguna irin su gentamisin da kinin duk suna iya rage ji. Don haka wani DJ ɗin ya shigo sana'ar da raunin tun yarinta, wani kuma a cikinta ya same shi.

Yadda ƙara ke lalata kunne

A can cikin kunne akwai wata ƴar gaɓa mai siffar katantanwa, ɗauke da ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi wajen 15.000. Su ne ke mayar da girgizar sauti saƙon da ƙwaƙwalwa take ganewa. Ƙara mai ƙarfi tana gajiyar da su, in ta daɗe kuma ta kashe su, kuma waɗanda suka mutu ba sa sake tsirowa.

Lalacewar takan fara ne daga sautuka masu kaifi, tsakanin 3.000 da 6.000 Hz, musamman wajen 4.000 Hz. A nan ne ƙarar faranti da kacau-kacau take, da kuma haruffa irin su "s", "sh" da "ts" a bakin mawaƙi. Shi ya sa mutum zai ji ana magana amma ya kasa rarrabe kalmomi a cikin taro. Alamar farko ita ce kukan kunne ko toshewarsa bayan an tashi daga biki. Yakan wuce kafin gari ya waye, amma idan ana ta maimaitawa, wata rana sai ya zauna.

Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata ke bi mai sauƙi ce: a 85 dB awa 8 ne iyaka a yini, kuma duk ƙarin 3 dB yana raba lokacin biyu. Ke nan 88 dB awa 4 ne, 94 dB awa 1, 100 dB kuma minti 15 kacal. A gaban manyan lasifikokin rawa, sauti yakan kai 100 dB ko ya wuce. A 2022 OMS ta fitar da ƙa'idar wuraren kiɗa wadda ta tsayar da iyaka a 100 dB a matsakaicin minti 15. Faransa kuwa, tun dokar watan Agusta 2017, ta tsayar da 102 dB, ta kuma wajabta wa manyan wuraren rawa raba abin toshe kunne kyauta.

Tarkon da DJ ke faɗawa

Babbar matsalar ita ce kunnen da ya yi rauni ba ya sanar da mai shi. Wanda ya rasa sautuka masu kaifi zai ji kiɗan ya dushe, sai ya murɗa maɓallin kaifi sama, ya ƙara ƙarfi. Shi a wurinsa kiɗa ya daidaita, a kunnen baƙi kuwa ya zama tsawa mai huda kai. Haka yake ƙara wa kansa rauni, yana kuma cutar da jama'a, har da jariran da ke goye a bayan iyayensu.

Sai matsalar kaske, wato abin saurare na kai. Al'adar DJ ce ya ɗora shi a kunne guda yana sauraren waƙa ta gaba, ɗayan kunnen na jin wadda ake rawa da ita. Don ya rinjayi ƙarar fili, sai ya buɗe kaske ɗin har ƙarshe, kuma kullum a kunne ɗaya. Wanda kunnensa guda ne kawai ke aiki ba ya ma iya wannan rabon, ba ya kuma gane daga wane ɓangare sauti ke fitowa.

Waɗanda suka yi aikin da raunin

Brian Wilson na ƙungiyar Beach Boys a Amurka kusan bai ji da kunnen dama tun yana yaro, amma shi ya haɗa faifan Pet Sounds na 1966, kuma ya haɗa shi ne a tsarin sauti guda, wato mono. Robbie Wilde, DJ mazaunin Amurka, ya rasa mafi yawan jinsa yana ɗan shekara 7 sanadin ciwon kunne, ya koyi haɗa waƙoƙi ta kallon zanen sauti a kwamfuta da jin girgizar kiɗa a jikinsa. A London, Troi Lee, wanda aka haifa kurma, ya kafa Deaf Rave a 2003, bukin rawa na kurame da masu raunin ji. Evelyn Glennie, makaɗiya ƴar Sikotland da ta kurumce tana da shekara 12, takan yi kiɗa ba takalmi don ta ji sautin ta ƙafafunta.

Dabarun aiki

Mataki na farko shi ne gwajin ji a sashen kunne, hanci da maƙogwaro, ORL, irin na babban asibitin ƙasa na Yamai. Takardar gwajin tana nuna wane kunne da waɗanne sautuka ne suka ragu. Wanda ya san inda giɓinsa yake ya san inda ba zai amince da kunnensa ba.

Na biyu, ido ya taimaki kunne. Manhajoji irin su VirtualDJ, Serato, rekordbox da Traktor suna zana kowace waƙa a allo da launuka masu bambanta kauri da kaifi, suna nuna yawan bugu a minti, suna kuma iya daidaita saurin waƙoƙi biyu. Idan DJ ya shirya waƙoƙinsa a gida, ya sa alama a inda kowace ke shiga da fita, aikin fili zai ragu sosai. Fitilun teburi ma shaida ne: in sun shiga ja, sauti ya wuce kima ko da kunne bai ji ba.

Na uku, jiki. Sautuka masu kauri, ƙasa da 100 Hz, ana jin su a ƙirji da tafin ƙafa. Dafa hannu a kan akwatin lasifika ko tsayawa a kan katako yana isar da bugun ganga ba tare da an ƙara ƙarfi ba.

Na huɗu, mai kunne guda ya mayar da kaske ɗinsa mono, ya haɗa waƙar fili da ta gaba a kunnen mai lafiya, da ƙarfi kaɗan. Kaske mai rufe kunne ruf ya fi, domin yana tare ƙarar waje. Masu haɗa waƙa a situdiyo sukan juya dama zuwa hagu don su binciki kowane ɓangare, su kuma gwada aikinsu da wata waƙar da suka san an haɗa ta da kyau.

Na biyar, kunnen aro. Kafin baƙi su iso, wani abokin aiki mai lafiyar ji ya tsaya tsakiyar fili a daidaita kaifi da ƙarfi, a sa alama a kan maɓallan, kada a ƙetare ta har a tashi.

Kare abin da ya rage

Akwai abin toshe kunne na makaɗa mai rage sauti da 9, 15 ko 25 dB ba tare da ya dusar da kiɗa ba. Na soso ya fi arha, yana kuma karewa, sai dai yana cinye kaifi. Auduga ba ta tare ƙara yadda ake zato. A fili buɗaɗɗe, duk ninka tazara daga lasifika yana rage wajen 6 dB, don haka wurin zaman DJ ya kasance a bayan lasifikoki ko nesa da bakinsu. Hutun ƴan mintuna a wuri shiru kowace awa yana taimakawa, haka ma kwana guda ba kaske bayan babban biki.

Na'urar ƙara ji tana amfani, amma yawancinsu don magana aka tsara su, suna iya karya sautin kiɗa mai ƙarfi. Da yawa suna da tsari na musamman na kiɗa wanda ƙwararre zai iya saitawa.

Idan ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, ko kukan kunne ya wuce kwana biyu bai lafa ba, a je asibiti ba jinkiri. Ɗaukewar ji ta farat ɗaya tana da magani, amma a kwanakin farko ne ya fi aiki. Ɗiga mai ko ruwan ganye a kunne ba ya dawo da ji, yana ma iya ƙara ciwo idan fatar dodon kunne ta huje.