Shekara saba'in kafin ɗan gida: ɗarikar Katolika a ƙasar Sakkwato

Titin da ya fita daga Sakkwato ya ratsa Boɗinga da Shagari, ya wuce Tambuwal da Jega har ya dangana da Yelwa ta Yawuri, titi ne da ya keta tsakiyar ƙasar malamai. Sifawa, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, tana cikin ƙaramar hukumar Boɗinga, kuma a Boɗingar ne ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a wancan lokaci. Ba kasafai mai tunanin wannan yanki yake kawo cocin Katolika a ransa ba, don kuwa jama'arsa Musulmi ne kusan kaf. Amma a 1953 waɗannan garuruwa suka shiga taswirar wani yanki na coci da fadar Fafaroma ta yanka ta sa masa suna Sakkwato, kuma tarihin wannan yanki yana da abin cewa a kan muhawarar da take ci a tsakanin Katolikan duniya yau, wato ko tsohuwar ibadar harshen Latin ce ginshiƙin da ke samar da masu ba da rayuwarsu ga aikin coci. Abin da ya faru a nan ya nuna wani abu dabam. Cocin ta fara samun 'ya'yan gida ne bayan ta koma yin addu'a da Hausa, kuma tsohuwar al'adar da ta riƙe ta har yau ita ce doguwar jarrabawar da ake yi wa duk wanda ya ce Allah ya kira shi.

Zuwan cocin nan ya yi jinkiri, kuma dalilan a fili suke. Wasu limamai biyu 'yan ƙungiyar Faransiskan sun keto Sahara daga Tarabulus ta Agadas har Katsina, suka rasu a can a 1711 ba su kafa komai ba. Da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Gwamna Lugga ya yi alkawarin ba za a tsoma baki a addinin mutane ba, kuma jami'an mulkin mallaka sun daɗe suna tare 'yan mishan daga shiga masarautun Musulmi. Ƙofar da aka ɗan buɗe a shekarun 1930 ta jinyar kutare ce, ita ma mishan ɗin SIM ta samu a Amanawa, kusa da Sakkwato, ba Katolika ba. Katolika jirgin ƙasa ne ya kawo su. Da layin dogo ya isa Gusau da Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920, sai ga akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga kudu, da yawansu Inyamurai, sun cika sabon gari, kuma su ne suka fara neman limamin da zai riƙa zuwa yana yi musu ibada. Saboda haka cocin da 'yan ƙungiyar Dominikan na lardin Shikago a Amurka suka karɓa, bayan sun fara sauka a Yaba ta Legas a 1951, coci ce ta baƙi a ƙasar da ba tasu ba. Edward Lawton ne shugabanta na farko, kuma shi ya zama bishop lokacin da aka ɗaga yankin ya zama cikakkiyar dayosis a 1964.

Ya kamata a kwatanta yadda ibadar take a wancan zamani, domin yawancin masu zuwa coci yau ba su taɓa ganinta ba. Fada yana tsayawa gaban bagadi ya ba jama'a baya, shi da su duka suna fuskantar wuri guda. Komai da Latin yake faɗa, ban da wa'azi, kuma sashen da ya fi kowanne tsarki a hankali yake karanta shi, ta yadda na sahun gaba ma ba ya ji. Yaron da ke taya shi ne yake amsawa a madadin kowa, shi ne kuma yake kaɗa ƙararrawa idan an ɗaga gurasa da ƙoƙo, jama'a su sunkuyar da kai. Mai karɓar jibi yakan durƙusa a gaban wani shinge, a ɗora masa a harshe, kuma har zuwa shekarun 1950 sai ya kame bakinsa tun daga tsakar dare. Tsarin ya samo asali ne daga littafin da Fafaroma Pius na Biyar ya fitar a 1570 bayan babban taron Trent, kuma shi kansa wannan Fafaroma ɗan Dominikan ne. Ga akawun da ya yi makarantar mishan a Anacha, wannan ibada gida ce, domin kusan abin da ya baro a can shi ya tarar a Gusau. Ga manomin ƙauye da bai taɓa shiga aji ba kuwa, kallo ne kawai.

Abubuwa biyu suka girgiza wannan tsari kusan lokaci guda. Na farko babban taron Vatican na biyu, daga 1962 zuwa 1965, wanda a watan Disamba na 1963 ya ba da izinin shigar da harsunan jama'a cikin ibada, kafin sabon littafin Fafaroma Paul na Shida ya fara aiki a ƙarshen 1969. Na biyu kashe-kashen 1966, da suka sa Inyamurai suka kwashe zuwa gabas, cocin sabon gari da ke cika maƙil ranar Lahadi ta wayi gari kujeru babu kowa. Bishop Lawton ya rasu a ƙarshen wannan shekara, Michael Dempsey ya gaje shi a 1967. Tilas ce ta sa cocin ta dubi waɗanda ba za su gudu ba saboda nan ne gidansu: Maguzawan ƙasar Malumfashi, da ƙabilun yankin Yawuri. Waɗannan da Hausa ake magana da su, kuma akwai cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932. Wanda ya ɗauki nauyin aikin a ƙauyuka shi ne katekis, mutumin gari mai mata da 'ya'ya da gona, wanda aka horar a cibiyar da aka kafa a Malumfashi, yake jagorantar addu'ar Lahadi idan Fada bai samu zuwa ba, yake koyar da masu shirin baftisma, yake binne mamata. A gefensa kuma Zumuntar Mata, da anko ɗinsu da tulun da suke bugawa a waƙa. A irin waɗannan gidaje ne aka haifi yaran da daga baya suka shiga makarantar horar da limamai.

Masu kishin tsohuwar ibada suna da hujja, kuma a ƙasar Hausa hujjar tasu ta fi ƙarfi fiye da a Turai. Za su ce, ku dubi maƙwabtanku. Bahaushen Shagari da Ba'indonisiye suna tsayawa sahu ɗaya su yi salla da Larabci, kuma ba wanda ya ce harshen ya hana addinin kafuwa. Me ya sa Latin zai zama shamaki? Amsar tana cikin bambancin matsayin harsunan biyu. Larabci a wurin Musulmi harshen wahayi ne, kuma akwai makarantar allo a kowace unguwa da ke sa shi a bakin yaro tun yana ɗan shekara biyar. Latin ba shi ne harshen Linjila ba, da Girkanci aka rubuta ta, kuma cocin Rum ta koma Latin ne a ƙarni na huɗu saboda shi ne harshen da talakan birnin yake ji. Da yawa daga cikin Katolikan Habasha da na Labanan ba da shi suke yin ibadarsu ba, kuma ba a ce sun fita daga coci ba. Sannan su kansu malaman jihadi, duk da zurfinsu a Larabci, da Fulatanci da Hausa suka isar da karatu ga makiyaya da matan ƙauye, kamar yadda Nana Asma'u ta yi da 'yan taru. Duk da haka akwai gaskiya guda da ya kamata a bar wa masu wannan ra'ayi. Tsohuwar ibada tana da shiru mai yawa, kuma saurayin da yake ƙoƙarin gane ko kiransa na gaskiya ne yana buƙatar shiru, abin da lasifika da ganguna suka rage a coci-coci da dama. Fafaroma Benedict ya sassauta dokar yin ta a 2007, Fafaroma Francis ya sake ƙuntatawa a 2021, kuma a Najeriya akwai masu yin ta a Umuaka ta jihar Imo. Amma limaman da suke riƙe da ƙauyukan Katsina da Kabi yau ba ta hannunta suka fito ba.

Abin da bai canza ba tun taron Trent, wanda ya wajabta kafa makarantun limamai a 1563, shi ne cewa coci ba ta ɗaukar maganar mutum a kan kiransa sai ta gwada. Yaro zai ce yana so, Fadan garinsu ya lura da shi, a tura shi shekarar share fage, sannan karatun falsafa, sannan a mayar da shi wata majami'a ya yi aiki a ƙarƙashin wani, sannan ilimin tauhidi a manyan makarantu irin su Saint Augustine ta Jos ko Good Shepherd ta Kaduna. Abin yakan kai shekara tara ko goma, a kowace shekara malamai suna zama a kansa, kuma suna iya sallamarsa ko da saura kaɗan. Dokar coci ba ta yarda a naɗa limami kafin ya cika 25 ba. Ta ɓangaren mata ma haka ne. Sistocin Dominikan daga Great Bend a jihar Kansas sun zo Gusau a 1956 suna aikin jinya da koyarwa, kuma a shekarun 1970 aka kafa ƙungiyar 'yan ƙasa mai sunan Catherine ta Siena a nan Gusau. Budurwar da ta shiga sai ta yi aƙalla shekara guda ta koyon rayuwar, sannan ta ɗauki alkawarin wucin gadi na shekara uku zuwa shida, kafin a yarda ta yi na har abada: rashin aure, rashin mallakar dukiya, da biyayya.

Akwai masu cewa duk wannan hanyar tsira ce daga talauci, yaron manomi ya samu karatu kyauta da mota da girma. Ba za a ce babu irin waɗannan ba, kuma saboda su ne ma aka tsawaita gwajin. Sai dai mai wannan zargi bai auna farashin abin a ƙasar Hausa ba. A al'ummar da tuzuru abin zolaya ne, inda uwa take ƙirga arzikinta da jikoki, ɗan Bamaguje da ya ce ba zai yi aure ba ya yanke wa gidansu reshe guda, kuma dangi ba sa ɗaukar wannan da sauƙi. Ga kuma hatsarin da ya ƙaru a shekarun nan. Michael Nnadi, ɗalibin dayosis ɗin Sakkwato ɗan shekara 18, 'yan bindiga suka sace shi tare da wasu uku daga makarantar Good Shepherd a watan Janairu na 2020, suka sako sauran suka kashe shi. A watan Mayu na 2021 aka kashe Fada Alphonsus Bello bayan an kai hari gidan limamai a Malumfashi. Mai neman hutu yana da hanyoyin da suka fi wannan sauƙi.

Mutanen Boɗinga ba baƙi ba ne ga irin wannan tambaya, ko da yake a yi hattara da kwatance, domin Musulunci ba shi da limanci na naɗi kuma bai yarda da barin aure don ibada ba. Wajajen 1807, ana tsakiyar yaƙi, Malam Abdullahi ya ga son duniya ya fara shiga zukatan mutanensa, ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa ƙasa mai tsarki. A Kano jama'a suka tsayar da shi, ya karantar da tafsiri, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam a kan yadda ake mulki, daga bisani ya koma gida ya ci gaba da ɗaukar nauyin da ya so ya ajiye. Abin da zuciyarsa ta so dabam, abin da jama'a suka buƙata daga gare shi dabam, kuma na biyun ne ya rinjaya. Masu horar da limaman Katolika ma haka suke koyarwa, cewa shauƙin mutum shi kaɗai bai isa shaida ba sai jama'ar da zai yi wa aiki ta tabbatar. Ba mamaki wani daga cikin Dominikan ɗin da suka yi aiki a wannan dayosis, Joseph Kenny, ya duƙufa kan Larabci har ya fassara Risala ta Ibn Abi Zaid zuwa Turanci, littafin da almajiran fiƙihu suke karantawa a zaurukan Sakkwato.

Jerin shugabannin dayosis ɗin ya nuna yadda tafiyar ta kasance a hankali. Biyun farko Amurkawa ne. Kevin Aje, wanda ya karɓa a 1984, ɗan Filato ne, daga cikin zuriyar limaman arewa da ta fara yawa a zamanin da Fafaroma John Paul na Biyu ya zo Kaduna a Fabrairun 1982 ya naɗa sababbin limamai, lokacin Alhaji Shehu Shagari yana shugaban ƙasa. Matthew Hassan Kukah, da ya hau a 2011, daga Zangon Kataf yake. Sai a watan Oktoba na 2023 aka yanke Katsina daga Sakkwato aka mayar da ita dayosis mai zaman kanta, aka ba Gerald Mamman Musa, wanda ya tashi a ƙasar Malumfashi kuma aka naɗa limami a 1996, ya zama Bahaushe na farko da ya kai matsayin bishop a ɗarikar Katolika, shekara 70 cif bayan an yanka yankin Sakkwato. Wannan rabuwa ta ɗauke wa Sakkwato ƙauyukan Maguzawan Malumfashi, inda Katolika Hausawa suka fi yawa, ta bar ta da jihohin Sakkwato da Zamfara da wani ɓangare na Kabi, inda har yanzu da yawa daga cikin masu cika cocin Holy Family ta birnin Sakkwato ranar Lahadi ma'aikata ne da ɗalibai da 'yan kasuwar da suka zo daga wasu jihohi.