Wata biyun da Imamu Gazali ya yi bai tabbata da komai ba

A zaurukan karatu na Damagaram da Maraɗi da Tawa, in aka ambaci Imamu Gazali sai a ce Hujjatul Islam, a yi masa addu'a. Littafinsa Ihya'u Ulumid Din yana cikin manyan littattafan da malami yake tinƙaho da ya sauke. Abin da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba shi ne mutumin nan ya taɓa yin kusan wata biyu bai yarda da idonsa ba, bai yarda da hankalinsa ba. Kuma ba maƙiyansa suka ƙaga masa ba. Shi da kansa ya rubuta labarin a cikin Al-Munƙizu minad Dalal, lokacin da shekarunsa suka haura hamsin.

An haife shi a Tus, cikin ƙasar Kurasan, Iran ta yanzu, a shekarar 1058. Ya yi karatu a Naisabur wurin Imamul Haramaini Juwaini, kuma bayan rasuwar malamin nasa a 1085 ya koma fadar waziri Nizamul Mulk. A 1091 wazirin ya ɗora shi a kan makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, wadda ba ta da na biyu a duniyar Musulmi ta wancan zamani. Yana da shekara talatin da ƴan kai, ɗalibai ɗari uku suna zaune gabansa.

Amma tambayar da ta dame shi ta girmi wannan kujera. Tun yana saurayi ya lura ɗan Kirista Kirista yake tashi, ɗan Bayahude Bayahude, ɗan Musulmi Musulmi. To, a cikin abin da na yi imani da shi, wanne ne na sani, wanne ne na gada kawai daga bakin iyaye da malamai? Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban ajin ƙarshe na lise ya san wannan tambaya, ko an furta ta ko an haɗiye.

Sai Gazali ya shiga laluben abin da zai dogara da shi wanda ba ya karɓar kokwanto. Ya fara da gani, ya tarar ido maƙaryaci ne: yana nuna maka inuwa a tsaye cik, bayan sa'a guda ka ga ta gusa, yana nuna maka tauraro kamar ƙwandala, lissafi kuma ya tabbatar ya fi duniya girma. Ya koma ga hankali, wanda yake cewa goma ta fi uku. Nan ma tunani ya tare shi. Tunda hankali ya zo ya ƙaryata ido, wa ya sani ko akwai wani alƙalin a bayan hankali da zai ƙaryata shi? Mai barci ai yana gaskata mafarkinsa har sai ya farka. A nan ya maƙale. Ba ya iya kawo hujja, don hujja da hankali ake gina ta, hankalin kuwa shi ne ake tuhuma. Bai fito ya shelanta wa kowa ba, amma a zuci haka ya zauna kusan wata biyu. Ciwo ya kira abin, kuma bai ce wayonsa ne ya warkar da shi ba. Ya jingina warakar ga wani haske da Allah ya jefa masa a ƙirji.

Ƴaƴanmu da ke shirin jarabawar bak suna haddace sunan Descartes da shakkarsa a darasin filozofi, har da misalin mafarkin. Bafaranshen ya buga nasa a 1637 da 1641, fiye da shekara ɗari biyar bayan rasuwar Gazali. Yaro ya fito aji yana zaton Turawa ne suka ƙago tambaya, mu kuma gida babu abin da muka iya sai "yi shiru".

Abin da ya biyo bayan warakar shi ne ya fi burge ni. Wani in ya kuɓuta daga irin wannan rami, ko inuwar littafin falsafa ba zai sake bi ba. Shi kuwa ya kasa masu neman gaskiya na zamaninsa gida huɗu, malaman kalam da Baɗiniyya da masu falsafa da sufaye, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Littattafan falsafa ya karance su shi kaɗai, ba malami, a ɗan lokacin da karantarwa ta rage masa, ƙasa da shekara biyu, sannan ya ƙara kusan shekara yana juya su. A cikinsu har da ra'ayin Dahriyya, masu cewa duniya haka take tun fil'azal, babu wanda ya yi ta. Ya fara rubuta Maƙasidul Falasifa, inda ya bayyana abin da suke nufi ba tare da zagi ba, kafin ya rubuta Tahafutul Falasifa ya yi musu raddi a mas'ala ashirin, ya kafirta su a uku kacal. Har ya gargaɗi jahilin masoyin addini mai ƙaryata lissafi da ilimin husufi don kawai masu falsafa ne suka kawo su, yana ganin irin wannan shi ke sa mai ilimi ya raina addinin. Mu da muke koyar da kimiyya a ƙauye mun san wannan masoyi, muna gaisawa da shi kullum.

Girgiza ta biyu ta zo a 1095, kuma ba irin ta farko ba ce. A wannan karon ya tabbata da Allah, da annabci, da ranar ƙarshe. Kansa yake tuhuma. Ya duba karantarwar da ake yaba masa, ya ga suna da girma yake nema da ita. Wata shida yana kai gwauro yana kai mari, da safe ya ƙulla niyyar barin Bagadaza, da yamma ya kwance. Ƙarshe harshensa ya ɗaure, ya kasa ba da darasi ko ɗaya, abinci ya daina shiga, likitoci suka ce ciwon daga zuciya yake. Ya bar wa ƙanensa Ahmad kujerar, ya ce hajji za shi don kada sarakuna su tare shi, ya nufi Sham. A Dimashƙa yakan hau hasumiyar babban masallaci ya rufe kansa wuni guda. Ya je Ƙudus, ya je kabarin Annabi Ibrahim a Kalil, inda ya yi alkawarin ba zai ƙara karɓar kuɗin sarki ba, ba zai ƙara zuwa fada ba, ba zai ƙara shiga gasar muhawara ba. Ihya'u ɗin da muke girmamawa a cikin waɗannan shekaru aka haife shi.

To mulhidanci fa, wato musun samuwar Allah gaba ɗaya? Gazali bai taɓa shiga wannan ƙofa ba, karanta ta ya yi. Akwai waɗanda suka matsa kusa da ita suka dawo, kamar likitan nan na Masar, Mustafa Mahmud, wanda aka hana littafinsa Allahu wal Insan a shekarun 1950, daga baya ya rubuta labarin tafiyarsa daga shakka zuwa imani a 1970, ya shafe shekaru yana shirin kimiyya da imani a talabijin. Akwai kuma waɗanda ba su dawo ba. Ibnur Rawandi, a ƙarni na 9, malamin kalam ne kafin ya ƙare yana sukar annabci. Ba na yarda da mai cewa shakka tsani ce da kowa ya hau sai ya isa sama. A tarihin Gazali ta yi amfani ne don bai zauna a cikinta yana jin daɗin kansa ba, karatu ya ƙara, kuma da ya gama tuhumar littattafai sai ya tuhumi niyyarsa. Ya kuma kwatanta imanin gado da gilashin da in ya tsage ba ya ɗinkuwa, sai an narka shi an sake ƙera wani. Uban da ya amsa tambayar ɗansa da mari, tsagar tana nan, sai dai yaron ya kai ta wurin salula.

Duk da haka Gazali bai ce a tura kowa wannan hanya ba. Littafin da ya kammala kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa a Tus a 1111, Iljamul Awam, gargaɗi ne kada a jefa talakawa cikin gardamar kalam. A wani littafin, Faisalut Tafriƙa, ya caccaki malaman da ke kafirta manomi da ɗan kasuwa don ba su iya jero hujjojin tauhidi ba.

Wannan rigima ta iso ƙasarmu. A zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta ta Gobir a 1754, cikin Nijar ta yanzu, an yi wasu ɗalibai da suka haddace aƙidar Sanusi suka mayar da ita bulala. Sukan tare mutum da tambayoyin sifofin Allah, in ya kasa amsawa yadda suka haddace, su ce ba Musulmi ba ne. Shakka ce suke shuka wa mutanen da ba su neme ta ba, da sunan tsare yaƙini. Shehu ya yi ta rubutu yana kare imanin talakawa daga hannunsu, kuma Gazali yana cikin malaman da yake kafa hujja da su. Ɗansa Muhammadu Bello ya ambata a Infaƙul Maisur cewa rubuce-rubucen Shehu a kan wannan mas'ala kaɗai sun haura hamsin.