Tarihin Auna Nauyin Rufin Ramin Kwal

Haƙar dogon bango hanya ce ta yanko kwal a ƙarƙashin ƙasa daga fuska guda mai faɗi, wadda a yau kan kai mita 200 zuwa 400. Ana tokare rufin daidai inda mahaƙa ke aiki, a bar na baya ya rufta da gangan. An fara ta a yankin Shropshire na Ingila a ƙarshen ƙarni na 17, kuma tun daga lokacin ran mahaƙi ya rataya ne a kan sanin nauyin da dutse ke ɗora wa abin tokarar. A zamanin turakun katako, kunne ne ma'auni, domin itace kan yi ƙara kafin ya karye, sai mutane su fice. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka kawo ginshiƙan ƙarfe masu aiki da matsin ruwa, a shekarun 1950 kuma aka samu masu matsawa gaba da kansu. Ƙarfe ya fi itace juriya nesa ba kusa ba, amma ba ya gargaɗi. Dole aka sanya wa kowane ginshiƙi ma'aunin matsi. Yau alkaluman suna hawa kwamfuta a saman ƙasa, inda ake ganin yadda nauyi ke taruwa lokaci bayan lokaci kafin babban dutsen sama ya tsage.

Najeriya ta ɗanɗana kuɗarta a wannan fanni. An gano kwal a Udi a 1909, aka kafa hukumar kwal ta ƙasa a 1950. A ƙarshen shekarun 1970 aka ɗauko kamfanin Kopex na Foland ya girka injinan dogon bango a ramukan Enugu, amma ba su yi ƙarko ba: rufin da daɓen ramin ba su da ƙwari, ga ruwa mai tsami yana cin ƙarfe. An sayo inji tun ba a gama fahimtar dutsen da zai ɗauka ba, kuma wannan shi ne kuskuren da awo ke maganinsa.

Mai karatu a Yola ko Jimeta zai iya cewa wannan bai shafe shi ba, tunda kwal ɗin Maiganga a Gombe da na Anu Araren a Nijar duk a buɗaɗɗen fili ake haƙarsu. Gaskiya ne, sai dai haƙar fili tana da iyaka. Idan kwal ya nutsa, kwashe ƙasar da ke kansa kan fi shi tsada, sai a koma rami. Adamawa tana da nata kwal a Lamja da Cikila, wajen Guyuk. Wasu kuma kan ce gogaggen mahaƙi ya fi kowace na'ura. Gogewarsa ba ta da madadi wajen fassara alkaluma, amma kunnensa ba zai ji abin da ɗaruruwan ginshiƙai ke ɗauke da shi a lokaci guda ba. Shi ya sa ya kamata sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Modibbo Adama ya auna ƙwarin duwatsun da ke saman kwal ɗin Guyuk tun kafin wani ya nemi izinin shiga ƙarƙashinsu.