Sojojin Takarda: Taimakon Amurka ga Rundunar Afganistan, 2002 zuwa 2021

Ranar 8 ga watan Yuli na shekarar 2021, shugaban Amurka Joe Biden ya tsaya gaban ƴan jarida a birnin Washinton ya shaida musu cewa gwamnatin Kabul tana da dakaru 300,000 masu cikakken kayan yaƙi har da jiragen sama, alhali mayaƙan Taliban ba su wuce 75,000 ba. Kwana 38 bayan wannan magana, wato ranar 15 ga Agusta, ƴan Taliban suka shiga Kabul ba tare da wani faɗan kirki ba, shugaba Ashraf Ghani kuwa ya bar ƙasar. Tun daga ran nan ake tambayar inda waɗannan dakaru suka shige. Wasu sun kwanta dama a fagen daga, wasu sun miƙa wuya da yunwa ta ci ƙarfinsu, wasu kuma, masu yawan gaske, tun fil'azal ba su da jiki sai suna a takardar albashi.

An kafa rundunar ne a watan Disamba na 2002, shekara guda bayan faɗuwar gwamnatin Taliban ta farko, lokacin da Hamid Karzai ya sa hannu kan dokar da ta tanadi soja 70,000. Da yaƙi ya yi tsanani sai aka yi ta ƙara adadin, har ya kai 352,000 tsakanin soja da ƴan sanda. Duk harajin da gwamnatin Afganistan ke tarawa a shekara bai isa ya riƙe runduna irin wannan ba, saboda haka albashi da abinci da mai da harsasai da takalma, kusan dukkansu daga waje suke zuwa. A cikin shekara 20 majalisar dokokin Amurka ta ware wa jami'an tsaron ƙasar sama da dala miliyar 80 (dalar Amurka ake nufi, ba dalar kasuwa mai tamma biyar ba). Idan aka haɗa da sauran ayyukan sake gina ƙasa, tun a 2014 kuɗin sun zarce abin da Amurka ta kashe wajen tada ƙasashen Turai ta yamma bayan yaƙin duniya na biyu, ko da an yi la'akari da faɗuwar darajar kuɗi.

An daɗe ana zuba wannan dukiya kafin a tanadi mai sa mata ido. Sai a 2008 majalisar ta kafa ofishin babban sufeto na musamman mai kula da sake gina Afganistan, wanda aka fi sani da SIGAR. Shugabansa na farko, Arnold Fields, tsohon janar, ya yi murabus a farkon 2011 bayan da wasu ƴan majalisar dattawa suka zarge shi da sanyin jiki. A 2012 aka naɗa John Sopko, tsohon mai gabatar da ƙara, wanda ya riƙa fitar da rahoto duk wata uku. Kafin nan ma an riga an ga alama. A watan Fabrairu na 2009 ofishin binciken kuɗi na majalisar ya gano cewa daga cikin makamai kimanin 242,000 da aka aika tsakanin 2004 da 2008, sojan Amurka ba su da cikakken bayani a kan 87,000, fiye da kashi ɗaya cikin uku ke nan. Bindiga tana da lamba a jikinta kamar yadda mota take da ita, amma in ba a rubuta lambar ba ranar da ta sauka, ba mai iya cewa a hannun wa ta kwana.

Babbar ɓaraka dai a wajen albashi take, kuma yadda abin ke tafiya ba wuyar ganewa. Kwamandan bataliya ko shugaban ƴan sandan gunduma shi ke rubuta sunayen mutanensa da hannu, ya aika babban birnin jiha, daga can a miƙa Kabul, daga Kabul a miƙa wa masu ba da kuɗi. Albashin soja Amurka ce ke biya ta hannun ma'aikatar tsaro, na ƴan sanda kuwa yana bi ta wani asusu da hukumar PNUD ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke kula da shi. Idan soja ya mutu, ko ya tsere, ko ya tafi gida girbi bai dawo ba, kwamanda ba ya soke sunansa. Albashin ya ci gaba da zuwa, da kuɗin abincinsa, da rabonsa na mai da harsashi, waɗanda ake iya sayarwa a kasuwa. Shi kansa kwamandan sau da yawa sayen muƙamin ya yi, dole ne ya maida uwar kuɗinsa, ya kuma ci gaba da kai wa na sama da shi nasu kason. A ƙauyukan da babu banki, wani amintacce ake danƙa wa kuɗin runduna ya kai musu, kuma binciken SIGAR na Janairun 2015 ya nuna cewa ta wannan hanya ɗan sanda kan iya rasa har rabin albashinsa. Binciken ya ƙara da cewa sama da dala miliyan 300 da Amurka ke biyan ƴan sanda a shekara, bisa alƙaluman da ba a tantance ba ake biyan su.

Akwai wani labari da ya fi kowane rahoto bayyana lamarin. A 2009 aka gwada biyan wasu ƴan sanda na jihar Wardak ta wayar salula, da tsarin M-Paisa na kamfanin Roshan. Da kuɗin suka shigo, sai mutanen suka ɗauka an yi musu ƙarin albashi na kusan kashi 30 cikin ɗari. Ba wani ƙari da aka yi. Karo na farko ke nan da suka ga albashinsu cikakke.

A jihar Helmand, inda faɗa ya fi zafi, shugaban majalisar jiha ya faɗa wa ƴan jarida a farkon 2016 cewa kimanin kashi 40 cikin ɗari na dakarun da ke rubuce babu su. A farkon 2017 sojan Amurka suka sanar da soke sunaye sama da 30,000 da ba a iya tabbatar da masu su ba. Da aka fara biya bisa hoton yatsa da na ƙwayar ido, sai a 2019 adadin dakarun ya faɗi da kimanin 42,000 cikin shekara guda, ya koma wajen 272,000. To, a nan ya kamata mai karatu ya tuna da sojan gaske. Shingen da takarda ta ce yana da mutum 30, in mutum 12 ke tsaronsa, su 12 ɗin ne za su raba gadin dare, su ne za su tari harin da aka yi lissafin mutum 30 za su tara, kuma babban ofishi ba zai aiko da ɗauki ba tunda a wurinsa shingen cike yake. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A Janairun 2019 shugaba Ghani ya bayyana a Davos cewa jami'an tsaro 45,000 aka kashe tun hawansa mulki a 2014. Duk wanda ke cewa sojan Afganistan ba su yi yaƙi ba, ya kamata ya fara da wannan adadi.

Wanda aka jikkata ma bai tsira ba. A babban asibitin soja na Dawud da ke Kabul, wanda Amurka ke ɗaukar nauyin maganinsa, masu ba da shawara na ƙungiyar OTAN sun tarar a 2010 da sojojin da suka rame saboda rashin abinci, da raunukan da suka ruɓe, ana sace magani ana sayarwa, ma'aikata kuma sai dangi sun ba su wani abu kafin su duba majinyaci. A ƙarshen shekarar aka sauke babban likitan rundunar. A 2012 wasu kanar-kanar na Amurka suka shaida wa majalisa cewa shugabansu, janar William Caldwell, ya nemi a jinkirta kiran masu bincike saboda zaɓen da ke tafe a Amurka. Janar ɗin ya musanta cewa siyasa ce dalili, amma a 2013 sufeton ma'aikatar tsaro ya same shi da laifin taƙaita wa na ƙasa da shi magana da masu bincike.

Wannan ya kai ga ɓangaren da ba a cika son faɗa ba, wato hannun mai bayarwa. A watan Yuni na 2010 wani kwamitin majalisar wakilai ƙarƙashin John Tierney ya binciki kwangilar dala miliyar 2.16 ta jigilar abinci da mai zuwa sansanonin sojan Amurka, ya gano cewa ƴan kwangilar suna biyan madugan yaƙi kuɗin kariya domin manyan motocinsu su wuce lafiya, kuma akwai alamun wani kaso yana isa ga Taliban. Ma'aikatar tsaron Amurka ce da kanta ta sayi tsofaffin jiragen sufuri 20 ƙirar G222 daga Italiya a kan dala miliyan 486. Ba su yi wani aikin a-zo-a-gani ba saboda rashin kayan gyara, a 2014 kuma aka yayyanka 16 daga cikinsu a filin jirgin Kabul aka sayar da ƙarfen dala 32,000. An kuma ƙara dala miliyan 28 a banza wajen ɗinka wa soja kaki mai launin kurmi, a ƙasar da itatuwa ba su rufe fiye da kashi 2 cikin ɗari nata ba. A waɗannan ba a bukatar ɓarawo ɗan ƙasa. Hafsan da zai yi wata shida ko shekara guda ya koma gida, abin da ake auna shi da shi shi ne yawan kuɗin da ya kashe kafin shekarar kasafi ta ƙare.

Ranar da bincike ya taɓa na kusa da fada kuwa, nan aka ga iyakarsa. A watan Yuli na 2010 wata rundunar ƴan sandan Afganistan da Amurkawa suka horar ta kama Mohammad Zia Salehi, babban jami'i a majalisar tsaron ƙasa, bisa zargin neman cin hanci domin a danne wani bincike. Cikin ƴan sa'o'i Karzai ya sa aka sake shi. Wata guda bayan haka jaridar New York Times ta ruwaito cewa mutumin yana karɓar kuɗi daga hukumar leƙen asiri ta CIA. A 2013 jaridar ta sake bayyana cewa hukumar ta yi shekaru tana kai tsabar kuɗi ofishin shugaban ƙasa, Karzai kuma bai musa ba. Ofishi ɗaya na gwamnatin Amurka yana farautar masu cin hanci, wani ofishin nata yana ciyar da su saboda yana bukatarsu a yaƙi.

Alal haƙiƙa ba rashin sani ne ya kashe wannan dukiya ba, domin kusan duk abin da aka zayyana a sama an buga shi tun ana cikin yaƙin. Abin da aka rasa shi ne mai ikon rufe famfo. Sufeto yana iya rubutawa, yana iya gurfanar da ɗan kwangila, amma ba ya iya tsayar da albashin runduna. Waɗanda ke da ikon kuwa sun san cewa in suka tsayar, gaba za ta karye, laifin kuma ya dawo kansu. Manyan Kabul sun gane haka sarai, shi ya sa sharuɗɗan da ake rattaba wa hannu kowace shekara ba su tsorata kowa ba, ba safai ma ake aiwatar da hukuncin da ke cikinsu ba. Sojan takarda yana yi wa ɓangarorin biyu amfani: kwamanda ya samu albashi, janar na Amurka kuma ya samu adadi mai kyau da zai kai wa majalisa a matsayin shaidar ci gaba. Da alƙaluman suka fara muni sai aka shiga rufe su. A Janairun 2015 rundunar Amurka ta maida bayanan ƙarfin sojan Afganistan sirri, ta janye bayan ƴan kwanaki da aka yi ca a kanta. A Oktoban 2017 aka ɓoye adadin waɗanda ake kashewa, bisa roƙon gwamnatin Kabul. A 2019 aka daina ma lissafin gundumomin da ke hannun kowane ɓangare.

Ba za a ɗora faɗuwar Kabul a kan cin hanci kaɗai ba. Yarjejeniyar Doha ta 29 ga Fabrairu 2020, wadda Amurka ta ƙulla da Taliban ba tare da gwamnatin ƙasar ba, ta karya zuciyar soja, kuma tafiyar ƴan kwangilar da ke gyaran jirage a 2021 ta gurgunta rundunar sama wadda ita ce ke kai wa shingayen nesa abinci da harsashi. Sai dai bugun ya sami jikin da gara ta riga ta cinye. A watan Nuwamba na 2021 tsohon ministan kuɗi Khalid Payenda ya faɗa wa BBC cewa mafi yawan dakaru 300,000 ɗin nan ba su wanzu ba. Ma'aikatar tsaron Amurka ta ƙiyasta kayan yaƙin da suka rage a ƙasar a kan dala miliyar 7.1.

Muhawarar ta sake tasowa da yaƙin Yukren. A watan Mayu na 2022 sanata Rand Paul ya jinkirta dokar taimakon dala miliyar 40, yana neman a ba ofishin Sopko ikon sa ido a kanta, bukatar da ba ta samu shiga ba. A Janairun 2024 sufeton ma'aikatar tsaro ya ba da rahoton cewa daga cikin makaman dala miliyar 1.7 da doka ta ce a riƙa ƙirga su da lamba, na kimanin miliyar 1 ba a ƙirga su a kan lokaci ba, ko da yake rahoton bai ce an karkatar da su ba. John Sopko kuwa ya ci gaba da aikinsa har zuwa Janairun 2025, lokacin da shugaba Donald Trump ya sallame shi tare da wasu manyan sufetoci fiye da goma a dare ɗaya.