Wa Ke Riƙe da Yaro Sa'ad da Uwa Ta Tafi Nema?

A lokacin jubili an saba lissafta majami'u da makarantu da asibitoci. Amma akwai wani mutum wanda ba safai a kan sa shi cikin lissafi ba, watau yaron da aka yaye, bai kuwa isa shiga aji ɗaya ba tukuna. Labarinsa mu ke so mu bi a nan, yadda ya kasance a Paraku da Jugu, gama yawancinmu 'ya'yan masu aikin ƙarfi ne, mun kuwa san yadda a kan yi da mu in gari ya waye.

Tun kafin zuwan Turawa Hausawa sun san waɗannan garuruwa. Hanyar Gwanja ta nan ta bi. Ayarin fatake ya kan taso daga Kano da kanwa da tufafi da fatu, ya ratsa ƙasar Bargu, ya yada zango a Nikki da Paraku da Jugu, wadda su ke kira Zugu, sa'an nan ya wuce Salga ya komo da goro. Waɗanda suka zauna suka yi gidaje manya, kaka da jika cikin shinge ɗaya. A irin wannan gida ba a rasa mai reno. In an yaye yaro sai a kai shi ɗakin kakarsa, ko a ba gwaggonsa riƙo. Ba wanda ya kira wannan makaranta, amma a nan yaro ya kan koyi gaisuwa da tatsuniya da kunya.

Jirgin ƙasa ne ya fara sāke al'amarin. Cikin 1936 reluwe ta iso Paraku daga Kotonu, tafiyar kilomita 438, a nan kuwa ta tsaya. Duk kayan da za su ƙasar Nijar sai a sauke su a Paraku, a ɗora wa manyan motoci zuwa Malanbil da Gaya da Yamai. Gari ya cika da 'yan dako da leburori da direbobi da yaran mota, daga baya kuma ga injin gurzar auduga da masaƙa. Unguwanni suka yi ta faɗaɗa, har Banikanni ta zama ɗaya daga cikin masu yawan jama'a. Mutumin da ya zo neman kuɗi ya kan kama ɗaki ɗaya na haya, shi da matarsa. Kaka tana ƙauye. Miji ya fita da asuba, matar kuma ta ɗauki tallarta ta nufi kasuwar Arzeke da jinjiri a baya. To, ɗan shekara uku fa? Goyo ya fi ƙarfinsa, makaranta ba ta karɓarsa. Sai a ce wa yayarsa ta zauna da shi. Yarinyar nan 'yar shekara takwas ko tara, ita ce ta biya kuɗin renon da karatunta, ba a kuwa taɓa rubuta sunanta a kowane littafin tarihi ba.

Wannan damuwa ba tamu kaɗai ba ce. A ƙasar Faransa, cikin wani kwarin matalauta a duwatsun Alsas, an yi wani fasto mai suna Oberlin, wanda ya kama aiki a can cikin 1767. Ya ga iyaye suna gona, yara ƙanana suna yawo ba mai duba su. Wajen 1770 ya kama ɗakuna masu murhu, ya ɗauki 'yan matan ƙauyen, ya biya su lada, su tara yaran su koya musu saƙa da sunayen itatuwa da dabbobi. Wata baranyar gidansa, Louise Scheppler, ta riƙe aikin shekaru da yawa. Cikin 1844 kuma Firmin Marbeau ya buɗe ɗakin ajiye jarirai na fari a birnin Paris domin mata masu aikin lada. Daga 1881 gwamnatin Faransa ta mai da irin waɗannan ɗakuna makarantun ƙananan yara na hukuma. Amma mulkin Faransa a Dahome bai kawo wannan ga ɗan lebura a arewa ba. Makarantar da suka kawo ta horon akawu da tafinta ce.

Masu mishan na SIM suka shigo Dahome cikin 1946, suka fara zama a Kandi, sa'an nan Nikki da Paraku da Jugu. Cikin 1961 aka buɗe asibitin Bembereke, inda mata da yawa suka haihu lafiya, aka ceci yara daga kwashiyoko da ƙyanda da zazzaɓi. Muna godiya domin wannan. Duk da haka gaskiya ta fi ƙarfin kunya: hankalinmu ya fi komawa ga mai iya riƙe littafi. Muka buɗe ajin yaƙi da jahilci, muka juya Littafi Mai Tsarki cikin harsunan ƙasa, muka hori masu bishara. Ƙaramin yaro kuwa rabonsa sa'a ɗaya ce a makarantar Lahadi, sauran kwana shida yana hannun yayarsa.

Abin mamaki, waɗanda suka fara ɗaukar al'amarin da gaske su ne waɗanda mu ke tsoro. Matiyu Kereku ya karɓi mulki ran 26 ga Oktoba 1972. Cikin 1974 gwamnati ta karɓe makarantun firamare na mishan, ta kuma bi tafarkin gurguzu. Cikin 1975 aka sāke sunan ƙasa ya zama Benin, aka kafa dokar Sabuwar Makaranta. Daga cikin wannan doka ne aka sami ɗakunan da a ke kira CESE, watau wuraren farkar da hankalin yaro, waɗanda aka fara buɗewa cikin 1980 domin 'yan shekara uku zuwa biyar. Babban abin da ke cikinsu shi ne harshe. Aka ce kada a fara wa yaro da Faransanci, a yi masa wasa da waƙa da ƙirga cikin harshen unguwarsu, ko Dandanci ko Bariba ko Yom. A nan ma sun fi Oberlin, gama shi Faransanci ya ke koya wa yaran kwarinsa maimakon harshen iyayensu. Ko da shi ke ba mu yarda da aƙidar wancan mulki ba, a ganinmu wannan shawara daidai ce, gama mu kanmu a kanta muka tsaya sa'ad da muka ce kowa ya ji bishara da harshen uwarsa.

Sai dai ɗakunan ba su yi yawa ba, yawancinsu a birane. Iyaye da yawa kuma ba su gamsu ba. Mai dako ya kan ce, Dandanci ai a gida ma yana ji, ni Faransanci na ke so ya koya domin kada ya ɗauki buhu kamar ni. Ba mu iya ganin laifinsa ba. Ga kuma tambayar da ta shafe mu musamman: a unguwar da Bahaushe da Bayarabe da Bafillace da Bariba ke shan rijiya ɗaya, harshen wa za a zaɓa? Kafin a warware wannan, baitulmali ya bushe. Cikin 1989 malamai suka yi watanni ba albashi, aka yi yajin aiki, shekarar karatu ta lalace. Bayan Taron Ƙasa na Fabrairu 1990 aka sāke tsarin ilimi, sunan CESE ya shuɗe, Faransanci ya sāke shiga ajin ƙanana, aka kuma ba ekklesiyoyi da masu zaman kansu izinin buɗe makarantu.

Makarantun kuɗi suka tsiro ko'ina, da riguna masu kyau da lilo a tsakar gida, amma mai tallar koko ba ta isa ƙofarsu ba. Cikin Oktoba 2006 Shugaba Boni Yayi, mutumin Cauru a kudancin Paraku, ya soke kuɗin makarantar ƙananan yara da ta firamare a makarantun gwamnati. Dokar yara ta 2015 ta hana sa yaro aiki kafin ya kai shekara 14. Daga 2017 kuma gwamnati ta faɗaɗa ba da abincin rana a makarantun firamare nata. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya rage wa talaka kaya, musamman abincin, gama uwa ta fi sakin yarinya ta tafi inda za ta ci.

Amma wanda ya zaga Banikanni ko Zangon Jugu da hantsi zai ga ramin bai cike ba. Makaranta ba ta karɓar ɗan shekara biyu. Tana hutu, kasuwa ba ta hutu. Tana tashi, mai tuya ba ta sayar da rabin ƙullunta ba. Har yanzu a kan ga yarinya a ƙofar gida da ƙane a baya a lokacin da tsararta ke aji.

Majami'unmu kuwa a kulle su ke daga Litinin zuwa Asabar, da benci da inuwa, waɗansu har da rijiya. Muna da gwauraye da tsofaffin mata cikin zumuntar mata waɗanda suka yi renon 'ya'ya goma, ga su ba su da abin hannu. Oberlin bai fara da abin da ya fi wannan ba, sai abu ɗaya: ya biya matan da suka riƙe yaran. A nan ne shawarar ta kan tsaya duk sa'ad da aka kawo ta gaban dattawa, gama kowa ya yarda a buɗe ƙofa, amma ba a yanke ko daga baiko za a fid da ladan mai reno, ko kowace uwa za ta kawo ɗan abin da ta samu ran kasuwa ba.