Zinarin Giant Ya Tafi, Gubarsa Ta Zauna

A can arewacin Kanada, bakin tafkin Great Slave, akwai garin Yellowknife, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa rabin shekara. Kilomita biyar daga garin aka buɗe mahaƙar zinari ta Giant, wadda ta soma fitar da zinari a 1948. Kafin a rufe ta a 2004 ta ba da sama da oza miliyan bakwai. Abin da ta bari a ƙarƙashin ƙasa kuwa ya ninka haka nesa ba kusa ba: tan 237,000 na garin arsenik, gubar da ɗan ƙanƙanin ƙwayarta ke kashe mutum.

Zinarin wurin a maƙale yake cikin dutse mai arsenik, ba ya fita sai an gasa dutsen da wuta mai tsanani. Da aka fara gashin a 1949, babu wani abin tace hayaƙi. Garin gubar ya riƙa fita ta bututun hayaƙi yana sauka a kan ƙanƙara da tafkuna. Mutanen Dene, 'yan asalin yankin, da narkakkiyar ƙanƙara suke samun ruwan sha. A Afrilun 1951 wani yaro ɗan Dene ya rasu a tsibirin Latham sanadin gubar, kamfanin mahaƙar ya ba iyayensa dala 750. Wanda ya tuna da gubar dalma ta Zamfara a 2010 ya san yadda zinari kan zo da rakiyarsa.

A shekarar 1951 ɗin ne aka sa na'urar kama ƙurar, aka ƙara wata a 1958. To, an kama ta, ina za a kai ta? Sai aka riƙa hura ta cikin ɗakunan da aka sassaƙa a dutse da tsofaffin ramukan haƙa, bisa zaton ƙasar da ke daskare dindindin za ta hana ruwa isa gare ta. Haƙar da kanta ta narkar da daskarewar, ruwa ya fara tsattsafowa. Garin arsenik kuma yana narkewa a ruwa.

Daga nan ruwa ya zama babbar matsalar Giant. Dole famfuna su yi ta zuƙo ruwan mahaƙar don kada ya taso ya kai ɗakunan gubar. Ruwan da aka zuƙo ana tara shi a tafkin ajiya, sai lokacin bazara a tace shi: a zuba masa sinadarin ƙarfe da farar ƙasa, arsenik ya manne da ƙarfen ya kwanta a ƙasa, a saki na saman cikin rafin Baker, wanda ke malala zuwa mashigin Yellowknife. Tun ƙarshen shekarun 1960 garin Yellowknife ya daina ɗibar ruwan sha daga mashigin, ya ja bututu zuwa kogin Yellowknife.

Tambayar da aka daɗe ana ja a kanta ita ce: nawa ne ya halatta ya rage a ruwan da aka saki? Dokar Kanada ta 2002 kan ruwan mahaƙai ta yarda da matsakaicin maikirogiram 500 a lita ɗaya cikin wata. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tun 1993 ta sauke ma'aunin ruwan sha daga 50 zuwa 10, Kanada ta bi sahu a 2006. Wato a lokacin, ruwan da doka ta kira tatacce yana iya ɗaukar ninki hamsin na abin da aka yarda mutum ya sha. Hujjar ita ce babban ruwa zai tsarma shi. Mutanen Dene da ke kamun kifi a wurin ba su gamsu da wannan lissafi ba.

Kamfanin Royal Oak, mai mahaƙar a lokacin, ya karye a 1999, ɗawainiyar ta faɗo kan gwamnatin tarayya. Shirinta shi ne ta daskarar da dutsen da ke kewaye da ɗakunan, ta hanyar dogayen bututu masu zuƙe zafin ƙasa su fitar da shi ga iskar hunturu ba tare da lantarki ba. Majalisar garin Yellowknife ta sa aka tura shirin gaban hukumar nazarin muhalli ta Kwarin Mackenzie. A 2013 hukumar ta gindaya sharuɗɗa, ciki har da wanda ya sauya lissafin ruwan gaba ɗaya: sabuwar matatar da za a gina sai ta sauke arsenik zuwa ma'aunin ruwan sha, maikirogiram 10, kafin ruwan ya shiga tafki. Ba za a dogara da tsarmawa ba.

An fara aikin gyaran wurin a 2021, ana sa ran kammalawa a 2038, kuma kuɗin da aka ƙiyasta ya haura dalar Kanada biliyan huɗu. Gwamnati ta so a ce daskarewar ta har abada ce, hukumar ta ƙi. Ta ƙayyade mata shekara 100, tare da bitar masana masu zaman kansu duk bayan shekara 20, ko an gano hanyar fitar da garin gubar daga ƙasa.